Darasin Laraba na 'Yar Sanƙira

A Tsamiyar Kellu, garin masu riɗi da ke gefen hanyar Bande, in aka ce Madam ba a ƙara suna ba, Zalika ake nufi. Akwai wasu mata biyu masu koyarwa a lise, babbar sakandaren garin, amma su sai an haɗa da sunayensu, don ba su taɓa sa namiji ya sauya hanya ba. Zalika gajera ce, wasu ɗalibanta sun fi ta da kai guda, kuma tana tafiya kamar wadda ta fito karɓar wani abu nata da aka daɗe ana riƙe mata. Matan unguwa na cewa da wannan ɗaurarriyar fuska aka haife ta. Ba gaskiya ba ne. A hankali ta same ta, kuma an san waɗanda suka taimaka.

Ubanta, Sadisu, sanƙira ne. A ƙasar nan babban mutum ba ya ɗaga murya a taro, wai girma ya hana. Sai ya sunkuyar da kai ya yi ƙus-ƙus a cikin rawani, sanƙira na durƙushe kusa da gwiwarsa ya saurara, sannan ya miƙe ya ce, "Alhaji ya ce," ya ɗauki maganar ya kai ta har tabarmar ƙarshe. Shekara talatin da huɗu Sadisu ya yi yana yi wa Alhaji Maina wannan aiki. Shi Alhaji Maina ɗan gidan maigari ne, shi ke sayen riɗi da waken rabin ƙasar, kuma daga Yekuwa har Sassumbrum an san shi da iya magana. In manomi da makiyayi suka ɗauko sanduna a kan burtali, shi ake kira. In dangin miji da dangin mata suka ɓata, shi ake kira. Mutane su koma gida suna kaɗa kai suna cewa, "Yau Alhaji ya yi magana."

Zalika na da shekara tara ta gano inda maganar ke fitowa. Ana sasanta wasu 'yan'uwa biyu a kan rijiya, ita tana bayan zana daidai inda Alhaji ya jingina, ta ji da kunnenta abin da ya raɗa: "Ka ce su bari." Iyakar abin ke nan. Ubanta ya miƙe ya yi magana tsawon dahuwar wake, ya tuna musu uwarsu da ta ja guga a rijiyar nan tana da cikin ƙaramin, har babban ya rufe fuska da hannun riga. Da aka tashi, mutane suka yi layi suna gaida Alhaji. Sadisu aka cilla masa goro, aka zuba masa tuwo a akushi dabam can wajen takalma, don ba a haɗa hannu da maroƙi. Ya ci abinsa da fara'a, ya tanɗe yatsu. Wannan tanɗe yatsun ne ta kasa yafewa, ba ta kuma san ko haushinsa take ji ko nasu ba.

A lekol, makarantar boko, 'yar roƙo ake kiranta. Ta fasa wa yara uku baki kafin a rage, ba a dai daina ba. Ta ci jarrabawar birbe, ta ci bak, jarrabawar gama lise, a Magarya, ta tafi jami'a a Damagaram, ta dawo da takardar koyar da Faransanci. Ta auri Hudaifa, malamin dabbobi da ke aiki a Dungas yana zuwa gida ran Juma'a, mutumin da ya saba tsayawa kusa da abin da ke shuri ba tare da ya firgita ba. Shi ya sa auren ya zauna.

Shekara takwas ta koyar yadda aka koyar da ita. Ta juya wa aji baya ta cika allo, yara su kwafe a kaye, littafinsu na rubutu, su haddace, ranar jarrabawa su amayar. Ba wanda ya taɓa kuka da ita. Sai shekarar da aka kira ta Damagaram duba takardun bak. Tambayar ta ce ɗalibi ya karanta wani ɗan rubutu, ya faɗi ko ya yarda da mai rubutun, ya kawo dalili. Ta duba takarda sittin ba ta ga mutum ko ɗaya a ciki ba, kowa ya zubo abin da aka ɗura masa. Can ta ci karo da wani sakin layi da ta sani kamar yunwar cikinta, don ita ce ta rubuta shi a allo a watan sanyi. Mai takardar ya kawo shi cif, ko ɗigo bai yar ba, ya ajiye shi ƙarƙashin tambayar da ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ta ba shi huɗu bisa ashirin, ta fita ta tsaya a rana, tana neman wanda za ta zaga, ta rasa kowa sai kanta.

Da aka koma karatu bayan damina, ta shiga biro, wato ofishin shugaban lise, Mushe Abdulmajid, wanda saura masa shekara biyu ya ajiye aiki, ya kuma ƙudura zai kai su ba tare da ya ji ƙarar komai ba.

"Mushe, Laraba da yamma ba a karatu. Ina son ajin farko na lise, awa biyu."

"Ki yi me da su?"

"In koya musu karanta magana a tsanake, su raba abin da aka ce da adon da aka yi masa. Su kuma iya tsayawa su kare ra'ayinsu da hujja."

Ya cire tabarau ya shiga gogewa, abin da yake yi duk lokacin da yake fatan mai magana ya ɓace kafin ya mayar.

"Yana cikin tsarin da aka aiko daga Yamai?"

"Bak na tambayarsa. Tsarin ne bai ba shi lokaci ba."

"Madam, yara masu hujja. Ni ina da biyar a gida, ko koya musu ban yi ba."

"To ka ga naka sun samu. Na manoma fa?"

Ya ba ta Larabar, don ba ta ya fi sauƙi a kan ta ci gaba da tsayuwa a kansa. Amma ya gindaya sharaɗi. Tunda darasin ba ya cikin tsari, kwamitin iyaye ke da iko da shi, ranar da suka ce a rufe an rufe, shi ba zai buɗe baki ba. Shugaban kwamitin kuwa Alhaji Maina ne, kamar yadda yake shugaban duk wani abu mai kujera a garin.

Larabar farko ɗalibai arba'in da ɗaya suka zo, kowa ya buɗe kaye ya cire murfin alƙalamin bik. Ta ce su rufe. Suka dubi juna kamar an kawo tuwo an ce kada a wanke hannu. Ta ciro wayar salula ta kunna musu muryar wani mai magani da ta ɗauko a kasuwar Sassumbrum, wanda kwalbarsa guda ke korar ciwo goma sha bakwai har da rashin ciniki. Aji ya kwashe da dariya.

"Kun yi dariya. Gidan wa aka taɓa sayen kwalbar nan?"

Hannu ya fara tashi ɗaya-ɗaya, har ya zama waɗanda ba su ɗaga ba ne ake kallo.

"To ba wawa ba ne. Ku za ku gaya mini yadda yake yi."

Laraba uku suka yi a kan mai magani. Suka gano yana farawa da ciwon da kowa ke da shi, ciwon baya da kumburin ciki, don kowa ya ji da shi ake. Suka gano matar da yake cewa ta warke kullum 'yar wani gari ce mai nisa, inda ba wanda zai je ya tambaya. Bayan shi ta kawo shafi ɗaya na Faransanci suka yi awa biyu a kai, jimla bayan jimla, har wani daga baya ya ce, "Madam, shafin nan zai huje." Ta raba su gida biyu a kan ko manomi ya sayar da wake da kaka ko ya ajiye sai bazara. Da suka yi zafi ta ce su musanya, kowa ya kare abin da ya gama zagi. Abokan aikinta maza suka sa mata suna Madam Hujja, suna faɗa a bayan idonta, don jarumai ne. Ita kuwa a wannan ajin ne kaɗai aka taɓa ganin haƙoranta.

Matsala daga kaye ta fito. Yawancin iyayen garin ba sa karanta boko, amma ba a yi musu wayo a kan karatu, suna da ma'auninsu. Uba ya karɓi kaye ya zuge shi da babban yatsa, in ya ga shuɗin tawada daga bango zuwa bango, malami na aiki. Wasu har ɗagawa suke su ji nauyi, kamar ilimi na sa takarda ƙiba. Kayen Laraba kuwa, bayan mako bakwai, shafi ɗaya da rabi ne a ciki. Aka fara maganar a rumfar mahauta, aka kai ta ƙofar masallaci, ta dawo ta ƙara kauri.

Da ƙila abin ya tsaya a gunaguni, ba don Aziza ba. Aziza 'yar Alhaji Maina ce, tana cikin ajin. Wata safiya Alhaji ya yanke hukunci a tsakar gida cewa 'yan matan gidansa su daina hawa keke zuwa lise, ƙafa ta ishe su. Aziza ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, ido a ƙasa, murya kamar ta mai neman gafara, ta ce, "Baba, na ji. Amma mene ne dalili?" A tsakar gida kuwa babu sanƙira. Alhaji ya buɗe baki, ya duba dama inda Sadisu ya saba durƙusawa, ya ga turmi. Mutanen gida duk na kallo. Ya ce, "Dalili," ya ƙara cewa, "Dalili," ya shuri buta ya fita. Kafin azahar an aika wa iyaye da saƙo: taro ranar Asabar da hantsi a farfajiyar lise, a kan darasin Laraba.

Ranar Juma'a bayan la'asar Zalika ta je gidan ubanta. Ta same shi a zaure yana tufka igiyar kaba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta Zalika ba.

"Uwata, an tuna da mu? Ko malamin dabbobin ne ya gaji ya gudu?"

"Baba, gobe kada ka je."

"Ina?"

"Ka san inda nake nufi. Ka ce maƙogwaro ne. Ka ce ƙafa."

Ya ci gaba da murza kaba a cinya. "Shekara talatin da huɗu ban yi ciwon maƙogwaro ba sai gobe? Ko jaririn goye ba zai yarda ba."

"Ni za a yanka a wurin, kai kuma za ka riƙe wuƙar."

"In aka ba ni magana, kai ta nake yi. Ban taɓa tambayar wanda za ta samu ba."

"Ko ni ce?"

"Ke wa ya aike ki? Na kai ki boko don ki ci abinci da alƙalami, kada a ƙara ce wa jinina maroƙi. Kin je har Damagaram, kin dawo kin ɗauki sana'ar gidanmu kin kai ta aji. Yanzu a kasuwa cewa ake 'yar Sadisu na mai da 'ya'yan mutane maroƙa."

"Ba roƙo nake koya musu ba."

"To mene ne? Ki sa mutum ya yarda da abin da bai fito gida da niyyar yarda da shi ba. Ni ma shi nake yi, allo ne kawai ba ni da shi."

Ta miƙe ba sallama. Ya bi ta da murya, "Gobe ki sa babban mayafi, ki yi ƙasa da kai, ki bar manya su gama. Kin ji, Uwata?" Ta ji, ta ɗauka irin maganar nan ce da ake yi wa mata tun ranar da maza suka ƙirƙiro taro.

Ranar Asabar iyaye wajen saba'in suka zauna a inuwar dogon yaro, wasu da amalanke suka zo daga ƙauyuka. Alhaji Maina na kan kujera, Mushe Abdulmajid na gefensa da tabarau a hannu, Sadisu na durƙushe. Zalika aka ba ta benci a gaba, kusa sosai, inda ake ajiye mai laifi. Shi ya sa da Alhaji ya sunkuya cikin rawani ta ji komai.

"Ba ta rubutu. Yara sun yi baki. A rufe."

Sadisu ya miƙe a hankali, ya gyara hula, bai dube ta ba.

"Jama'a, Alhaji ya gaishe ku da hanya, ya gaida waɗanda suka bar sussuka suka zo. Alhaji ya ce yarinyar nan tamu ce. A gabanmu ta yi rarrafe, ta tafi ta yi karatun da mazan garin nan da yawa suka kasa, ba ta maƙale a birni ba, ta dawo mana. Alhaji ya ce duk wanda ya zo yau don ya ci mutuncinta ya tashi ya tafi, ba da shi ake ba."

Ba wanda ya tashi. Kowa ya gyara zama yana jin kansa mai adalci.

"Amma Alhaji ya ce ku tuna da mutumin da ke da akuya ɗaya. Damina ba ta yi ba. Ya ja ta kasuwa tana kuka, yaransa na kuka, ya sayar ya sayo kaye da bik. Ya cire ɗansa daga gona a lokacin da ya fi bukatar hannu. Mako bakwai ya yi haƙuri, sannan ya ce kawo in gani. Ya buɗe." Sadisu ya buɗe tafukansa biyu ya nuna musu. "Fari fat, kamar gonar da ba a shuka ba. Mutumin nan bai iya karatu ba, jama'a. Ta ina zai san ba a cuce shi ba?"

Wuri ya ɗauki gunaguni. Sai ya sauke murya, har na baya suka miƙo wuya.

"Alhaji ya ce akwai abin da ya fi kaye. Ka haifi ɗa, ka yanka masa rago, ka hana cikinka ka ba shi. Wata safiya ka ce masa ga yadda za a yi, ya ce maka don me. A gidanka. A gaban iyalinka." Ya yi shiru har aka ji kukan kurciya a saman itace. "Alhaji ya ce ku iyaye ne, ku duba wannan al'amari. Madam kuma ta ji kukanku, don mai hankali ce."

Ya koma ya durƙusa. Wani tsoho na share ido da gefen rawani. Mushe Abdulmajid ya mayar da tabarau ya jawo takarda.

Zalika ta ga takardar, ta ga tsohon, ta ga ubanta a durƙushe kusa da takalmin Alhaji. Ta miƙe. Mayafin dai babba ne kamar yadda aka ce, kan ne bai yi ƙasa ba.

"Iyayena, ina gaisuwa. Ina zaune kusa, na ji abin da Alhaji ya ce. Kalma tara ce. Ba ta rubutu, yara sun yi baki, a rufe. Duk sauran na Baba ne."

Manyan garin da yawa sun san da haka, kamar yadda kowa ya san abin da ke ƙarƙashin riga, amma ba a taɓa ɗaga rigar a taro ba.

"Ya fara da yabona don ku ce mai adalci ne, in ya sare ni kada ku ji tausayi. Sannan akuya. Wa ya sayar da akuya don kayen Laraba? Ya ɗaga hannu in gan shi." Ba hannu ko ɗaya. "Babu. Amma kowa a nan yana da akuya ko ya taɓa rasa ta, shi ya sa ya kawo akuya bai kawo raƙumi ba. Da ya zo kan ɗa mai tambaya ya yi ƙasa da murya, kuka miƙo wuya. Wanda ya miƙo wuya ya riga ya ba da rabin yarda. Baba da ke share ido can, me aka faɗa maka yanzu wanda ba ka sani ba jiya?"

Tsohon ya sauke gefen rawanin ya duba shi kamar wani ne ya jiƙa masa.

"Wannan da na yi yanzu shi ne darasin Laraba. Ba ya cika kaye. Amma mai magani ya yi muku haka, mai neman ƙuri'a ya yi muku, mai sayen riɗi yana yi muku kowace kaka, kuna miƙa wuya. So nake 'ya'yanku su ji daɗin magana, su kuma san inda aka kama su."

Da ma ta tsaya nan. Amma Allah da ya ba ta baki bai haɗa mata da linzami ba. Ta juya ga kujera.

"In Alhaji na da dalilin rufewa, ga iyaye nan, ya faɗa musu da bakinsa."

Sadisu ya rufe ido. Alhaji Maina ya ɗago kai, mutum saba'in na jiran muryar da suka shekara talatin suna yabo ba su taɓa jin ta a taro ba. Ta fito 'yar siririya, tana sarƙewa.

"Wannan yarinya ba ta da, ba ta da kunya."

Aka jira saura. Babu saura. Ya tattara babbar riga ya nufi mota, ko waiwayar sanƙiransa bai yi ba.

Wani manomi daga Yekuwa, Malam Sirajo, wanda ba ya sayar wa Alhaji riɗi don haka ba ya tsoronsa, ya yi gyaran murya. Ya ce shi bara wani mai zaƙin baki ya sayar masa da irin gero, ya ce kwana sittin yake nuna, har yau yana jira. Ya ce kunya dai yarinyar ba ta da ita, wannan gaskiyar Alhaji ce, amma shi yana so ɗansa ya samu irin kunnenta. Aka yi dariya, irin wadda ake yi don a samu hanyar numfashi. Mushe Abdulmajid ya ce a ɗaga hannu. Masu son a ci gaba suka rinjaya, ba da yawa ba, rabinsu ma sai da suka tabbata motar ta fita ƙofa.

Laraba ta zo, ɗalibai arba'in suka zauna. Aziza an hana ta zuwa, an kuma sayar da keken. Ranar Alhamis aka yi suna a gidan ƙanen Alhaji, ba a aiko wa Sadisu ba. Wani mutumin Magarya aka ɗauko mai amsa-kuwwa.

Zalika ta yi mako guda tana jiran ubanta ya aiko kiranta, bai aiko ba. Ta dafa dambun zogale, abin da ya fi so, ta kai da kanta. Yana zaure, hannunsa ba komai.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya, Madam."

Bai taɓa kiranta haka ba. Ta dire kwanon da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya.

"Shekara talatin da huɗu kana ba shi baki yana ba ka goro. Shi ya ci yabo, kai ka ci tuwo wajen takalma. Yau an san mai maganar, kuma da ni kake fushi?"

"Wa ya ce miki ina so a sani? Ke kike jin haushin tuwon, ni da na ci ban ji ba. In na miƙe na ga mutum ɗari sun yi shiru, kin ɗauka goro nake tunani? Aikina ne, ina son abina. Kin tuɓe shi a gaban mutane kin nuna musu ɗinkin."

"Da na yi shiru da an rufe."

"Wa ya ce a rufe?"

"Alhaji. Da kunnena na ji."

"Ke kika ji, da ni. Iyaye fa, a bakin wa suka ji?"

Ta bi maganarsa a zuci tun daga gaisuwa, ta wuce akuya, ta wuce ɗa mai tambaya, ta iso inda ya ce iyaye su duba al'amarin, Madam ta ji kukansu. Ta sake bi daga farko. Ko sau ɗaya bai ce a rufe ba.

"Tunda na fara aikin nan ban taɓa yar da kalmar da aka ba ni a hanya ba, sai ranar," in ji shi. "Na yi wa maganar ado har shi kansa ya ji daɗi bai lura ba. Da kin tashi kin ce kin ji, za ki riƙa ba su abin rubutawa, da Alhaji ya gyaɗa kai an ga ya yi nasara, kowa ya tafi da girmansa, ke ki tafi da Larabarki. Sai kika miƙe kika tono abin da na binne, kika yi shelarsa da kanki."

"Me ya hana ka gaya mini ranar Juma'a?"

"In ci amanarsa sau biyu? Na ce miki ki yi ƙasa da kai." Ya jawo kwanon ya buɗe, ya duba, ya rufe. "Malamar karatun tsanaki. Kin ga akuya, kin ga murya, kin ga komai. Haushi ya hana ki ganin abin da ubanki ya yi miki."

Ba ta ba shi amsa ba. Waɗanda suka san ta sun ce wannan ne karo na farko.

Sau uku ta je ƙofar Alhaji Maina don ta ba da haƙuri, ba don kanta ba, don a mayar da ubanta bakin aikinsa. Sau uku aka ce mata yana barci, har da ranar da take jin tarinsa a bayan ƙyaure. A na ukun ta ba mai gadi saƙon da ya tabbatar ba za a yi na huɗu ba.

Darasin Laraba yana shekararsa ta uku yanzu, har 'yan ajin bak na zuwa su tsaya ta taga. Sadisu yana fita ƙananan bukukuwan ƙauye in an kira shi, ba kuma kullum ake kira ba. Yana cin dambunta, yana ce mata Uwata in ya manta yana fushi. Shi kuwa mai amsa-kuwwa mutum ne mai gaskiya, abin da aka raɗa masa shi yake faɗa, ba ragi ba ƙari. A babban ɗaurin auren bana ya tashi ya ce, "Alhaji ya ce an gode," jama'a suka gyara zama suna jira, sai suka ga an fara raba goro. Tun daga nan mutanen gari ke cewa tsufa ya kama Alhaji Maina, maganarsa ta ragu, Allah sarki. Har waɗanda suka zauna a inuwar dogon yaro ranar taron suna faɗa. Zalika na jin su a wajen niƙa, tana jin su a kasuwa, ta ciji leɓe ta wuce. Ita ce kaɗai maganar garin nan da take bari ta wuce ba ta kwance ta ba.